Haɗa Ruwan Teku a Gida: Jagora ga Mai Kiwon Kifin Ado a Nima da Mamobi

Daga kasuwar Nima zuwa bakin teku 'yan kilomita ne kawai, shi ya sa duk wanda sha'awar ajiye kifin teku a akwatin gilashi ta kama, tambayarsa ta farko ba ta wuce wannan: me zai hana in ɗauki jarka in gangara Jamestown ko Labadi in ɗebo ruwan a kyauta? Abin da zai hana yana nan ƙofar gida. Babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Mamobi a kogin Odaw take juyewa, Odaw ya kai wa tafkin Korle, Korle kuma ya miƙa wa teku. Ruwan gaɓar Akra yana ɗauke da dauɗar gari da baƙin mai da ƙwayoyin cuta, da damina kuma ruwan sama yana tsinka shi. A teku, faɗi ne ke shanye wannan ɓarna. A akwati mai lita 200 ba ta da inda za ta je sai jikin kifi. Mai kiwo a gida haɗa nasa ruwan yake yi da abu biyu: ruwan daɗi da aka tace har ba abin da ya rage a cikinsa, da gishirin da aka yi musamman don wannan aiki.

Gishirin miya ba ya yi

A kowane kilo ɗaya na ruwan teku akwai kimanin giram 35 na narkakken gishiri, amma wajen kashi 85 cikin ɗari ne kawai irin wanda muke sa wa a miya. Sauran magnesiyam ne da salfet da kalsiyam da fotasiyam da wasu ƙananan sinadarai, kuma da su murjani da jatan lande da dodon koɗi suke gina jikinsu. A 1884 masanin sinadarai William Dittmar ya fitar da sakamakon binciken samfur 77 da jirgin Ingila mai suna Challenger ya ɗebo daga tekunan duniya tsakanin 1872 da 1876. Ya tarar cewa ƙarfin gishiri yana bambanta daga wuri zuwa wuri, amma rabon manyan sinadaran a tsakaninsu kusan ɗaya ne ko'ina. Wannan ne ya sa kamfani zai iya auna su ya zuba a bokiti, kifin da aka kamo a Indunusiya ya rayu a cikinsu a Mamobi.

Wani zai ce ai gishirin Ada daga teku ya fito. Gaskiya ne, na tafkin Songor ruwan teku ne rana ta busar. Sai dai yayin da ruwan ke ƙafewa sinadaran ba tare suke sauka ba. Kalsiyam ne ke fara kwantawa a ƙasa, sannan gishirin ci ya biyo baya a kwashe shi, a bar ruwan ɗaci mai ɗauke da magnesiyam da fotasiyam. In ka narkar da abin da aka kwashe, ruwan gishiri ka samu, ba ruwan teku ba. Na leda kuma da ake sayarwa a kanti an ƙara masa aidin, sau da yawa har da maganin hana dunƙulewa.

Gishirin akwatin kifi irin su Instant Ocean da Red Sea da Tropic Marin daga waje ake shigo da su. Kafin ka sayi gilashi, tabbatar ka san hanyar da za ka riƙa samun sa ba yankewa. Akwati mai lita 200 yana cin kilo 7 zuwa 8 a cikawar farko, sannan wajen kilo 3 kowane wata in kana canja kashi 10 cikin ɗari na ruwan duk mako. Ka tsaya kan iri ɗaya. Kuma ka rufe bokitin ruf bayan kowace ɗiba, don laimar Akra tana shiga gishiri ta mayar da shi dutse, wanda ya daskare kuwa ba ya narkewa daidai.

Ruwan da ke shigowa gidanka

Ruwan famfon Akra yawancinsa daga Weija yake fitowa, a kan kogin Densu, da Kpong a kan Volta. Don shan ɗan Adam ake gyara shi, kulorin da ake zubawa kuwa yana ƙona matattarar numfashin kifi. Bayan shi akwai naitret da fosfet da silika, waɗanda ko kaɗan ne sun isa su ciyar da gansakuka har ta lulluɓe gilashi da duwatsu. Mafi sharri shi ne jan ƙarfe: adadin da harshen mutum ba zai ko ji ba yana kashe jatan lande da murjani.

Wannan matsala ce ta kowane birni. Tamu ta zango ita ce ruwan ba iri ɗaya yake zuwa ba. Famfo ya kan yi kwanaki bai kawo ba, bututun da ya zauna ba ruwa kuma yana tsotsar datti ta inda ya tsage, shi ya sa zubowar farko take fitowa ja-ja. Ranar da babu, sai tanka ko mai sayarwa a galan, tanka kuwa ta yiwu daga rijiyar burtsatse ta ɗebo, kuma rijiyoyi da yawa a Akra zartsi gare su. A wata guda ruwa iri uku na iya shiga tankin robarka, wato Polytank. Ka tambayi direba, "Maigida, na famfo ne ko na burtsatse?" Zai amsa maka, amma ka auna duk da haka.

Abin aunawar shi ne ma'aunin TDS, ɗan ƙarami mai shiga aljihu, mai batir. Ka tsoma bakinsa a kofin ruwa, ya nuna maka kimanin miligiram nawa na narkakken abu ke cikin kowace lita. Shi ya kamata ka fara saya tun kafin komai. Auna kowane ruwa da ya shigo gidan har tsawon wata guda, ka rubuta. In na famfo ya fi na tanka sauƙi nesa ba kusa ba, ka san ranar da famfo ya kawo ita ce ranar tara ruwan kifi.

Na'urar tacewa

Ana kiranta RO/DI, kuma matakai huɗu ne a jere. Na farko mataci ne na zare mai ƙofofin maikiron 5, yana tare laka da tsatsa. Na biyu dunƙulen gawayi ne, aikinsa cire kulorin. Na uku shi ne zuciyar na'urar: tantani mai laushi da aka naɗe a cikin bututu, wanda ake matsa ruwa ta cikinsa da ƙarfi, ruwa ya wuce, kashi 95 zuwa 98 na narkakkun sinadarai su tsaya a baya a wanke su ta wani tiyon. Na huɗu 'yan ƙwayoyin rezin ne masu kama ɗan abin da ya kuɓuce wa tantani, har ma'auni ya nuna sifiri. Dabarar tantanin nan ita ce dai aka yi amfani da ita a masana'antar Teshie da aka buɗe a 2015, wadda aka gina don cire gishiri daga ruwan teku har kubik mita 60,000 a rana. Can manufar cirewa ita ce a sha, kai kuma za ka cire ne don ka mayar da wani.

Kada ka raina gawayin don yana da araha. Kulorin yana huda tantani, hudawar kuma ba ta gyaruwa. Ƙa'idar da aka saba ita ce a canja mataci na farko da gawayi duk wata shida, amma da irin ruwanmu ido ne alƙali: gidan mataci na farko mai haske ne, da ka ga farin zaren ya koma launin ƙasa, canja shi ko da wata biyu ya yi. Dabara mai sauƙi ita ce ka bar ruwan da ya shigo ya kwana a tanki laka ta kwanta kafin ka ja shi. Tantani in an kula da shi yana kai shekara biyu zuwa uku. Rezin da yawa suna canja launi in sun ƙoshi, amma ma'auni ya fi launi gaskiya.

Yanzu ga inda na'urori da yawa suke mutuwa a gidajen zango. Tantani yana son matsin ruwa na kimanin ba 3.5 zuwa 4, wato abin da agogon na'urar zai nuna 50 zuwa 60 a ma'aunin psi. Ruwan da ke gangarowa daga sama yana ba da ba ɗaya ne a kowane tsayin mita 10. Polytank da ke kan ƙarfe mai tsayin mita uku bai kai ko sulusin ba ɗaya ba. Kafin tanki ya ba ka abin da tantani ke so, sai ka ɗora shi kan bene mai hawa goma da wani abu. In ka haɗa na'urar haka nan, ruwa mai kyau zai riƙa ɗiga ɗis-ɗis, sauran duk ya bi tiyon zubarwa, abin da ya fito ma bai tacu sosai ba, sai rezin ya ƙare cikin 'yan kwanaki. Maganin shi ne ɗan injin ƙara matsi da ake sakawa kafin tantani. A nan ba ado ba ne, dole ne. In daga Amurka aka aiko maka da shi, duba adaftarsa da kyau: wutar can bolt 110 zuwa 120 ce, ta Gana 230.

Wajen haɗawa, kafa na'urar a bango, a inuwa, kusa da inda ruwa zai iya zuba ba tare da ya shiga ɗakin maƙwabci ba. Fara da mataci da gawayi kaɗai, ka saki ruwa ya bi ta cikinsu zuwa bokiti. Zai fito baƙi-baƙi saboda ƙurar gawayi, bar shi har ya washe. Sannan ka sa tantani, ka bar shi ya yi aikin awa ɗaya zuwa biyu kana zubar da abin da ya tace, don akwai maganin adanawa a jikinsa. Sai bayan nan ka jona rezin. Daga ranar, wuri uku za ka riƙa aunawa: mashiga, bayan tantani, bayan rezin. Misali in ruwa ya shiga da 200, bayan tantani bai kamata ya wuce 10 ba, bayan rezin kuma sifiri. In na tsakiya ya fara hawa, ko matsi ya yi ƙasa ko tantani ya gaji. In na ƙarshe ya kai 1 ko 2, lokacin sabon rezin ya yi. Duk sanda ka kunna bayan hutu, ruwan minti biyu na farko yana fitowa da nauyi, ka karkatar da shi kada ya bi ta rezin.

Tantanin da aka rubuta wa galan 75 a rana yana nufin kusan lita 280, wato lita 11 zuwa 12 a awa in komai ya daidaita. Jarka mai lita 25 za ta ci sama da awa biyu, kuma mantuwa a nan take shigowa. Sa ƙararrawa a waya, ko ka saka balbalin nan mai kumfa da ke rufe ruwa in duro ya cika. Baƙin tanki da ya wuni a rana ruwansa kan yi ɗumi, tantani kuwa ya fi tacewa da kyau da ruwa mai sanyi, saboda haka asuba ko dare sun fi. Kada kuma a bar tantani ya bushe. Ko ba ka bukatar ruwa, kunna shi na ɗan lokaci duk mako.

Ruwan da ake zubarwa

Ga lissafin da masu sayar da na'ura ba su cika faɗa ba. A kowace lita ɗaya mai kyau, lita uku zuwa huɗu ne ke bin tiyon zubarwa. Don cika akwati mai lita 200 kana bukatar lita 800 zuwa 1,000, wato galan 32 zuwa 40 na masu lita 25. Bayan haka, canjin mako da cikon abin da ya ƙafe za su iya cin lita 40 mai kyau, wato wajen lita 200 daga tanki. A gidan haya inda ake raba kuɗin ruwa, wanda ya bar wannan ya bi kwata a idon jama'a ya sayo wa kansa rigima, kuma da gaskiyar masu rigimar.

Ruwan nan ba ƙazanta ba ne. Ya riga ya bi ta mataci da gawayi, sinadaransa ne kawai suka ɗan ƙaru. Yana wanki, yana goge ɗaki, yana wanke bayan gida da babur. Sa duro a ƙarshen tiyon ka ce wa uwar gida, "Hajiya, ga ruwan wanki nan, duk mai so ya ɗiba." Abin da ba a yi shi ne mayar da shi cikin tankin da kake ja, don kullum ƙara masa nauyi kake yi. Wanda ya bi ta rezin kuma na kifi ne, ba na sha ba.

Wajen ajiya, hankali zai fara zuwa kan galan Kufuor, jarkokin nan ruwan ɗorawa da suka samo sunansu daga ƙarancin ruwa na zamanin Shugaba John Kufuor. Asalinsu na man girki ne. Maiƙon da ya kama roba ba ya fita duka, in ya shiga akwati sai ya yi fata a saman ruwa ya hana iska shiga, sabulu ko omon da za ka wanke shi da su kuma guba ne ga kifi. Sayi sabon duron roba mai murfi, irin wanda aka yi don abinci, ka rubuta masa suna don kada yara su ɗiba ko a jiƙa masa kaya. Duron da ya taɓa ɗaukar sinadari ko fenti, da duk wani abu na ƙarfe, a bar su.

Wanda akwatinsa ƙarami ne, kamar lita 40, yana iya farawa ba na'ura. Wasu masu yin fiya wata da tantani suke tacewa, kuma jaka guda mai leda 30 lita 15 ce. Auna kamfanoni da dama, wanda ya fi kusa da sifiri ka riƙe shi, amma ka auna kowace jaka. Ruwan sama daga rufin kwano yana ɗauko zinki da tsatsa da kashin tsuntsu. Wanda ke ɗigowa daga na'urar sanyaya ɗaki kuma ya bi ta kan ƙarfe da ƙura. Dukansu ba sa yi.

Haɗawa

Kana bukatar duro, ɗan injin motsa ruwa da ake jefawa ciki, sikelin kicin na giram, ma'aunin zafi, da ma'aunin gishiri. Ruwa ake fara zubawa, gishiri ya biyo baya, ba a juya wannan tsari. In ka zuba gishiri a busasshen duro ka kawo ruwa a kai, ruwan farko zai yi kauri ƙwarai, kalsiyam ya haɗu da kabonet su zama alli. Za ka ga ruwan ya yi fari kamar an ɗiga nono, washegari ka tarar da farin gari a gindin duro da jikin inji, kuma ko kwana nawa ka motsa ba zai narke ba. Wannan garin abincin murjani ne ka yi asara.

Cika duro da adadin ruwan da ka sani, kunna inji, ka auna gishiri a sikeli. Yawancin iri suna bukatar giram 36 zuwa 40 a kowace lita, abin da ke jikin bokiti shi za ka bi. Na lita 20 ke nan giram 720 zuwa 800. Barbaɗa shi kaɗan-kaɗan inda ruwa ke juyawa, yadda mai tuƙa tuwo take zuba gari don kada ya yi gudaji. Ka rage kamar kashi ɗaya cikin goma a hannu, don ƙarawa ta fi ragewa sauƙi. Bar inji ya yi ta aiki, murfi a ɗan buɗe don iska, har ruwan ya yi garau. Wasu iri awa biyu zuwa huɗu sun ishe su, amma barin sa ya kwana ya fi kwanciyar rai. Sabon haɗi yana da kaifi, ba a zuba shi kan kifi nan take, kuma ba a taɓa zuba busasshen gishiri cikin akwatin da ke da rai.

Ma'aunin gishiri iri biyu ne. Akwai na roba mai allura da ke tashi in an cika shi da ruwa. Yana da araha, amma ƙwayar kumfa guda ta manne wa allurar sai ya yi ƙarya, gishirin da ya bushe a mahaɗarta ma haka. Wanda ya fi shi ne rifraktomita. Ka ɗaga ɗan murfinsa, ka ɗiga ruwa biyu ko uku a kan gilashin, ka rufe a hankali don kada iska ta shiga tsakani, ka jira rabin minti zafinsu ya daidaita, sannan ka kai ido kana fuskantar haske. Za ka ga da'ira, samanta shuɗi, ƙasanta fari, lambobi a gefe biyu. Inda shuɗi ya gamu da fari nan ne amsarka. Abin nema shi ne 35 a gefe ɗaya, ko 1.026 a ɗayan. Mai kifi zalla ba murjani yana iya zama tsakanin 1.021 da 1.025. Daidaita na'urar da ruwan gwaji mai 35 da ake sayarwa tare da ita, ta hanyar juya ɗan sukurun da ke samanta, sannan ka goge gilashin da ruwan daɗi bayan kowane awo. In haɗin ya yi ƙarfi ƙara tataccen ruwa, in ya yi rauni ƙara gishiri, ka jira awa guda ka sake dubawa.

Kafin canji, zafin ruwan duro ya zo daidai da na akwati, tsakanin digiri 24 da 27. A Akra hita ba ta da aiki sosai, zafi ne abokin gaba, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu a ɗaki mai rufin kwano. Ɗan fanka da ke hura saman ruwa yana sauke digiri ɗaya ko biyu, amma yana ƙara ƙafewa, da hunturu ma haka. Ga kuskuren da ya fi kashe kifin sababbin shiga: ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. Abin da ya ƙafe da tataccen ruwan daɗi ake cika shi, ba da ruwan gishiri ba. Manna ɗan tef a gilashi daidai bakin ruwa, kullum ka mayar da shi kan layin. Ruwan gishiri na canji ne kawai, ka fitar da lita 20 ka mayar da 20.

Ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki sosai. Soket ya kasance sama da bakin akwati, kowace waya ta yi lanƙwasa ƙasa kafin ta hau zuwa soket don ɗigon da ya bi ta ya faɗi ƙasa, kuma ka sa mai gyaran wuta ya saka maka na'urar da ke yanke wuta in ta zube. Saboda dumso, wato ɗauke wuta, ajiye ɗan injin iska mai batir, sannan kada duronka ya taɓa zama ba tanadi: aƙalla lita 40 na tataccen ruwa da lita 20 haɗaɗɗe, don ranar da kifi ya shiga matsala ba lallai ta dace da ranar da akwai wuta da famfo ba. Haɗaɗɗen in yana rufe a inuwa yana yin makonni, sai dai a motsa shi a sake aunawa kafin amfani.

Cikawar farko kaɗai ake iya haɗawa a cikin akwatin kansa, tun da babu rai a ciki. Bayan an sa yashi da duwatsu, akwatin zai yi mako huɗu zuwa shida yana juyawa ba kifi, kana jefa ɗan abinci kaɗan don ƙwayoyin halitta masu cinye amoniya su kafu. Sai kayan gwaji sun nuna amoniya sifiri, naitrait sifiri, sannan ka sa ƙananan kifi biyu masu juriya, ka ba su mako biyu ko uku kafin ka ƙara wani.